Neman asalin kakannin da suka yi hijira daga Italiya: abin da kowannenmu ya gani

Maman Amira, Newark

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin salsalar dangi har zuwa Italiya. Maigidana haifaffen Amurka ne, amma kakan mahaifinsa daga Italiya ya zo, kuma abin da surukaina suka sani game da shi bai wuce abu biyu ba: ya sauka a Nuyok yana saurayi kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ana cewa mutumin Napoli ne. 'Yarmu ta san kakannina na Zariya har zuwa na huɗu, domin mahaifiyata tana lissafa mata su da ka, amma ta wajen mahaifinta zancen yana ƙarewa ne a bakin teku. Na shafe makonni ina duba rajistar haihuwa ta birnin Napoli a intanet, ban ga ko mai kama da shi ba. Ta ina kuka fara naku?

Baban Sadiƙ, Filadelfiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kuskuren da kika yi shi na yi shekaru uku da suka wuce, lokacin da maƙwabcina, dattijo ne da idonsa ya yi rauni, ya roƙe ni in taya shi neman garin kakansa. Abin da na fahimta daga baya shi ne, idan dangi suka ce Napoli, sau da yawa tashar da mutum ya hau jirgin ruwa suke nufi, ba garin da aka haife shi ba. Napoli da Genova da Palermo su ne manyan tashoshin da mutanen ƙauyuka suka riƙa bi, kuma fiye da mutum miliyan huɗu ne suka shiga Amurka daga Italiya tsakanin 1880 da 1924. A Italiya kuwa kowace ƙaramar hukuma, wadda suke kira comune, ita ke riƙe da rajistar mutanenta, ga su kusan dubu takwas. Wanda bai san sunan tasa ba, daidai yake da mai neman allura a cikin ruwa.

Saboda haka ki ajiye takardun Italiya tukuna, ki soma da na Amurka. Mu jerin sunayen fasinjojin jirgi ne ya cece mu. Tsibirin Ellis, inda ake tantance masu shigowa ta tashar Nuyok, ya fara karɓar baƙi a 1892, kuma daga wajen 1907 takardar fasinjojin ta zama shafi biyu. A shafin farko ana rubuta inda mutum ya zauna a ƙarshe, da sunan makusancin da ya baro a gida tare da adireshinsa, amma garin haihuwa yana can ƙarshen shafi na biyu, wanda mutane da yawa ba sa buɗewa. Ni ma sai da na yi wata guda ban san akwai shi ba. Da na buɗe na ga an rubuta Girgenti, na duba taswira ban samu ba, har na fara zargin magatakardan jirgin da shirme, ashe tsohon sunan Agrigento ne a tsibirin Sisili, an sauya shi a 1927. Haka Castrogiovanni ya koma Enna, Terranova ya koma Gela, duk a shekarar.

Akwai kuma zancen da ake yawan yi cewa jami'an tsibirin Ellis ne suka sauya wa mutane suna. Ban ga alamar hakan ba, kuma dalili a fili yake: a tashar da aka taso ake rubuta jerin, jami'an Nuyok dubawa kawai suke yi. Mutanen da kansu suka sauya daga baya, Giuseppe ya zama Joseph, Vincenzo kuma sau da yawa ya zama James, wanda ba su da wata alaƙa ta ma'ana. Ki tambayi surukanki ainihin sunan yankansa. In kuma ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa bayan watan Satumba na 1906, ki nemo fayil ɗin, domin daga lokacin ake rubuta garin haihuwa da sunan jirgi da ranar sauka.

Ɗan Katsina, Perugia

Ina goyon bayan abin da Malam ya faɗa, sai dai zan ƙara da abin da ke jiran mutum bayan ya samu sunan garin. Karatu ya kawo ni nan Italiya, kuma abokin zamana ɗan Burazil ne wanda kakanninsa suka tafi gonakin kofi na São Paulo a shekarun da aka soke bauta a can, wato wajen 1888. Takardar masaukin baƙi na unguwar Brás a São Paulo ta ba shi sunan iyali da shekarun kowa, amma ba ta ba shi gari ba, dangi kuma lardin Treviso na yankin Veneto kaɗai suka riƙe. Abin da ya fitar da mu shi ne rajistar kiran soja, liste di leva, wadda ma'adanar takardun gwamnati ta kowane lardi ke ajiyewa. Ana shigar da kowane namiji bisa shekarar haihuwarsa, da sunan uwa da uba da garinsu, don haka da sunan mutum da lardinsa da ƙiyasin shekararsa ana iya gano ƙauyen.

Matsalar da muka tarar ita ce ta shekaru. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba lokaci ɗaya ta fara a ko'ina ba: a kudancin ƙasar tun 1809 take, a Sisili 1820, a yawancin arewa kuwa an yi ta ɗan lokaci a zamanin Napoleon, aka daina, sai a 1866 ta dawo, yankin Veneto da birnin Rum kuma sai 1871. Kakan abokina an haife shi kafin 1871, saboda haka babu takardar haihuwarsa a shafin Antenati, inda gwamnatin Italiya ke saka hotunan tsoffin rajistoci kyauta. Dole muka je wurin limamin cocin ƙauyen, wanda ya fito mana da littafin baftisma. Cocin Katolika ya wajabta ajiye irin waɗannan littattafai tun 1563, amma samun ganinsu ya dogara ga lokacin limamin da yardarsa. Mu sai da muka yi zuwa biyu. Ke Hajiya, in har surukanki daga kudu suke, kin fi mu sa'a nesa ba kusa ba.

Maman Fa'iza, Jos

Nawa labarin ya sha bamban da naku, domin kakan nawa nan ƙasar ya zo. Mahaifin mahaifiyata Bature ne ɗan Italiya da ya yi aikin gine-gine a Jos a shekarun 1950, ya koma gida tana ƙarama, kuma a gidanmu Bature Mai Gini kawai ake ce masa. Kakata ta rasu da sunansa a bakinta yadda kunnenta ya ji shi, wanda ba haka ake rubuta shi ba. Abin da ta bari hoto ne guda ɗaya, a bayansa akwai hatimin mai ɗaukar hoto na garin Gattinara. Da na bincika na ga Gattinara yana lardin Vercelli a yankin Piemonte, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Roasio, wanda ya shahara da tura magina zuwa Najeriya da Gana, har suna da gidan tarihi na 'yan ci-ranin garin. Da na ga jerin sunayen iyalan yankin, nan take na gane wanda kakata take ƙoƙarin furtawa.

A nan na tsaya, domin takardun mutanen da aka haifa a shekarun baya-bayan nan ba a sake su a intanet ba, kuma ana so mai nema ya nuna dangantakarsa a rubuce, ita kuwa mahaifiyata ba ta da takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uba. Ɗana ya sa ta yi gwajin ƙwayoyin halitta, sakamakon ya haɗa ta da mutum biyu masu wannan sunan iyali. Mun aika musu saƙo cikin ladabi, ɗaya ya amsa cewa zai tambayi gwaggonsa, ɗayan bai ce komai ba. Ban ga laifinsa ba, domin wataƙila mun taɓo abin da gidansu ya binne shekara saba'in.

Baban Sadiƙ, Filadelfiya

Allah ya sada ku da alheri, Hajiya Maman Fa'iza. Na manta in gaya wa Maman Amira abu ɗaya: matan Italiya ba sa ɗaukar sunan miji a takardun hukuma, har a jerin fasinjoji da sunan gidan ubansu suke tafiya. Mun nemi kakar maƙwabcina da sunan mijinta mun rasa, alhali tana cikin jirgin tare da 'ya'yanta uku, kowa da sunan da ya bambanta da nata.

Maman Amira, Newark

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na dawo da labari bayan mako uku. Sunansa na ainihi Vincenzo ne, ya sauka a 1909, kuma a shafi na biyu an rubuta wani ƙauye na lardin Avellino, a cikin duwatsun da ke gabas da Napoli. Na ji tsoro da na karanta cewa girgizar ƙasa ta 1980 ta yi wa yankin mummunar ɓarna, amma ashe kowace rajista kofi biyu ake yi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a kotu, kuma na kotun ne aka mayar ma'adanar lardi aka ɗauki hotonsa.

Wahalar da na sha ta takwarori ce. Suna da al'ada irin tamu ta mayar da sunan iyaye: ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari ta ci sunan kakarta, na biyu kuma su ci na wajen uwa. Sai dai su ba sa sakaya sunan da laƙabi a takarda kamar yadda muke cewa Abba ko Ummi, don haka na samu Vincenzo huɗu masu sunan iyali ɗaya a cikin shekara shida, dukkansu jikokin mutum guda. Sunan mahaifiyarsa da ya bayar a jirgi ne ya raba gardama. Daga nan na samu fayil ɗin auren kakanninsa, wanda suke kira processetti, inda ake haɗa takardun haihuwar ango da amarya da na mutuwar iyayensu, sai ga mu a 1840 cikin dare ɗaya. Ta wajen amaryar kuwa hanya ta toshe, domin an rubuta cewa ba a san iyayenta ba, sunan iyalinta kuma Esposito, wanda a yankin Napoli jariran da aka tsinta ake raɗa wa. Amira ta ce ita wannan kakar ta fi so ta sani, don haka yanzu muna neman takardar da aka rubuta ranar da aka tsince ta, inda aka ce akan bayyana har tsumman da aka naɗe jariri da shi. Ɗan Katsina, in kana da wanda ya iya karanta tsohon rubutun hannu na Italiyanci, zan turo maka hoton shafin da nake zato shi ne.