Pug ko Maltese, wanne zan ɗauka?

Maman_biyu: Jama'a dan Allah ku ban shawara, ƙaramin kare nake so na cikin gida, na rasa na zaɓa tsakanin Pug da Maltese, yarana ƙanana ne kuma da safe duk muna fita.

mai_karnuka: Maman biyu in dai akwai yara Pug ya fi, jikinsa ya fi ƙwari, yana kai kilo 6 zuwa 8, shi ko Maltese wajen kilo 3 ne, yaro ya faɗa masa sai karaya. Amma fa hancin Pug a shafe yake, numfashi na ba shi wahala lokacin zafi, ga minshari ga saurin ƙiba, kuma sai kina goge masa ninkin fatar fuskarsa

yar_uwa22: ni kam Maltese, baya zubar da gashi sosai kamar Pug, sai dai taje kullum in ba haka ba ya cukurkuɗe. Haushi kuma akwai shi gaskiya.

mai_karnuka: zancen fitar nan ne ya fi damuna, dukansu ba sa jure kaɗaici, awa nawa zai yi shi kaɗai?

Maman_biyu: zuwa azahar na dawo yawanci