Me za mu kira "hi-fi" da Hausa?

Jama'a, ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin hi-fi. Gajartawar high fidelity ce, ta bazu a shekarun 1950, lokacin da faifan garmaho da na'urorin gida suka fara fitar da sauti kusa da yadda aka ɗauke shi. Ma'anarta riƙon amana: abin da aka ba na'ura shi za ta mayar, ba ƙari ba ragi.

Wasu sun kawo "babban sauti". Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, don shi ne tunanin da ke sa mutane asarar kuɗi. Mutum ya tashi gyara kayan sautinsa, sai ya sayo bufa, lasifikar kaurin sauti, mai girgiza taga, ya ƙure ƙara, muryar mawaƙi ta nutse cikin gurnani. Ƙara daban, inganci daban.

"Sauti garau" ya fi, kuma baki zai ɗauke shi da sauƙi. Sai dai garau tana nufin babu ƙazanta a ciki kawai. Lasifikar waya tana iya fitar da murya garau alhali ta zubar da duk kaurin ganga. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan hertz 20 zuwa 20,000 (wato yawan girgizar sauti a daƙiƙa), ita kuwa ƙasan nan ba ta kai wa.

Ni dai "amintaccen sauti" na zaɓa, don kalmar da kanta tana nuna wa mai gyara inda zai duba: wane sashe ne ke cin amana? Wani lokaci tushen ne. Faifan CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, MP3 da aka matse sosai kuwa ya riga ya yar da wani abu, kuma babu lasifikar da za ta dawo da shi. Wani lokaci amfilifaya ce, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi: in aka tura ta fiye da ƙarfinta sai ta yanke kan sautin, ya fito a tsage, har ta iya ƙona ƙaramar lasifika. Sau da yawa kuma ɗakin ne, gyaransa ba ya cin ko sisi. A janye lasifikun daga kusurwa, a sa tazararsu ta yi daidai da tazararsu da wurin zama, ƙananan su fuskanci kunne, labule da kafet su sha amsa-kuwwa. Ku gwada wannan kafin ku sayi komai.

Saura woofer (wato bufa) da tweeter (ƙaramar lasifikar nan), waɗanda aka raɗa wa suna daga haushin kare da kukan tsuntsu. Bufa ta riga ta zauna a baki, a bar ta. Ɗayar ce nake tunanin "lasifikar siririn sauti", amma ta yi tsawo. Masu haɗa kayan sauti, me kuke ce mata a wurin aiki?