Ina mintocinmu suke zubewa, a kan hanya ko a matsayar bas?

Baban Aisha, Rusaifa, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata na uku ke nan da ajiye mota, na koma hawa bas zuwa wurin aiki a Aziziyya. Riyal 4 ne, ga sanyi a ciki, ba neman wurin fakin. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Matsayar da nake hawa irin wadda aka yanka ce ta shige gefen titi kamar aljihu. Shiga ba wuya. Mutane su sauka, wasu su hau, ƙofa ta rufe, duk cikin ƙiftawar ido. Sai fita ta gagara. Direba ya kunna sigina, ya turo kan motar kaɗan, ba mai ɗaga masa ƙafa. Jiya ina zaune ta wajen taga, danjar da ke gabanmu ta ba da hannu sau biyu, mu muna nan a aljihu, mutum kusan arba'in, muna kallon ƙananan motoci masu mutum ɗai-ɗai suna wucewa. Ni dai na fara ganin ba tafiyar ce ke cinye mana lokaci ba, tsayawar ce. Ku ma haka kuke gani a inda kuke?

Abu Usama, Riyad:
Wa alaikumus salam. Baban Aisha, ni tuƙi ne sana'ata, shekara goma sha ɗaya ina kai yaran gida makaranta, don haka bari in faɗi ta ɓangarenmu. Inda babu aljihun nan, bas a tsakiyar hannunsa yake tsayawa. Kai da ke bayansa dole ka taka birki, na bayanka ya taka, wani mara haƙuri ya karkato hannun hagu ba tare da ya duba madubi ba. Na ga an yi karo a kan idona saboda haka. A titin da ake sheƙa gudu, wallahi gara bas ya kauce gefe.

Maman Khalifa, Shara Mansur:
Ku maza kuna ta lissafin danja, ni tawa damuwar inuwa ce. Matsayarmu ƙarfe ne kawai da allo, ba rumfa. Da azahar wa zai tsaya a wannan rana ta Makka? Kowa sai ya raɓe a jikin shaguna can baya. Bas na zuwa sai a taso, mai goyo, mai jan yara, tsohuwa da sanda, direba kuma ba zai tafi ya bar su ba, Allah ya saka masa. Lokacin da ya kamata a ce an hau an wuce, a takowa yake ƙarewa.

Sai na biyu, wanda ya fi ƙona mini rai. Kusa da matsayar akwai mai gasa tamis. Kullum da safe sai ka tarar da mota a cikin aljihun, mai ita ya shiga layin burodi, wai minti ɗaya. Bas ya iso ba wurin shiga, sai ya tsaya nesa da dakali. Ranar Alhamis da na raka Inna asibiti, sai da ta sauko daga dakali zuwa kwalta, sannan ta ɗaga ƙafa ta hau matakala. Gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Na riƙe ta ta hammata, wani yaro ɗan Burma ya riƙe ɗaya hannun, a baya kuwa hon ake ta danna mana kamar mun yi laifi. Da ta zauna hannunta rawa yake yi. Da motar ta matso jikin dakali, taku ɗaya ne kawai.

Ɗalibi daga Riyad:
Sannu Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ni abin da nake karanta ke nan, tsarin hanyoyi, kuma kullum a bas nake tun da aka fara su a nan a Maris ɗin 2023. Baban Aisha da Malam Abu Usama duk kuna da gaskiya, sai dai kowa da abin da yake ƙirgawa. Aljihu yana sauƙaƙa wa ƙananan motoci, ya ɗora wa bas jiran. Tsayawa a cikin hannu tana tsare motocin baya na ɗan lokaci, amma bas na rufe ƙofa sai ya wuce, don gabansa a buɗe yake. In motoci ake ƙirgawa aljihu ya ci, in mutane ake ƙirgawa ya faɗi. Shi ya sa a titi mai gudu ake yin aljihu, a cikin gari kuma wasu birane har turo dakalin suke yi ya zo ya tarar da bas.

Akwai kuma maganar ta wane gefen danja aka kafa matsayar. In kafin danja take, bas yana lodi koren wuta na ƙonewa, yana gamawa ja ta kama shi, ga masu son juyawa dama sun taru a bayansa. In bayan danja take, ya riga ya haye mararraba kafin ya tsaya. Kuma latti haihuwa yake yi. Bas ɗin da ya makara a matsaya ɗaya zai tarar da mutane sun ƙaru a ta gaba, ya ƙara daɗewa, na bayansa kuma ya samu ba kowa, ya yi ta matsowa. Nan ne za ku ga kun daɗe kuna jira, sai guda biyu sun iso a jere, na gaba maƙil, na baya wayam.

A nan Riyad layukan BRT, wato bas masu sauri, suna da hannunsu na kansu da ba a shigar musu, to matsalar fita daga aljihu ba ta taso ba. Ba sabon abu ba ne, birnin Kuritiba na Barazil ya fara tun 1974, daga baya suka yi matsayu da ake biya kafin a shiga, daɓensu daidai da na motar.

Kawu na Hindawiyya, Jidda:
Ɗana ka yi bayani. Ni a Khartum na tashi, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya kawo ni nan. Can fa hafila, wato bas ɗin haya, ba ta san matsaya ba. In za ka sauka ka kaɗa yatsu, kumsari, wato kwandasta, ya yi wa direba alama, a tsaya nan take. Kowa so yake a ajiye shi a ƙofar gidansa. Wannan ya sauka, ba a yi taku hamsin ba wani ya kaɗa nasa. Mafi muni bakin gada. Khartum, Omdurman da Bahri gadoji ne suka haɗa su, duk motocin gari ta nan suke kwarara, a nan kuma direba zai tsaya kwasar fasinja don nan jama'a suke. Mota ɗaya ta tsaya, layi ya miƙe har inda ido ba ya kai. Daga tashar Jakson zuwa Omdurman ba nisa, amma na sha yin magariba a hanya. A lokacin mukan ce motoci ne suka yi yawa. Sai da na zauna a nan na tuna da kyau, na gane rabin zahmar, wato cunkoson, daga inda ake tsayawa take. Duk da haka ina kewar ƙarar yatsun nan, Allah ya mayar mana da zaman lafiya.

Abu Usama:
Amin Kawu. Mu ma a nan haka 'yan khaɗɗul balda, tsofaffin ƙananan bas na haya, suke yi kafin a dakatar da su, ko'ina tasha ne. Amma ɗalibi, ka manta abu guda. Akwai dogayen bas masu gaɓa a tsakiya, mita 18, na yau da kullum kuwa mita 12 ne. In aljihu gajere ne, ko wani ya ci rabinsa da motarsa, kan bas ya shiga, gindinsa na kan titi. Ya tare mu, shi ma bai tsira ba. Wannan na fi tsana.

Baban Aisha:
Na gode muku duka. Yau da safe na gwada wani abu. Na wuce matsayata, na taka zuwa ta gaba wadda ke bayan danja, ba aljihu. Ina tsaye ina hango bas ɗin a tsohuwar matsayata, sigina na ta ƙyaftawa. Har na ciro kati, na mayar aljihun rigata, na sake cirowa, bas ɗin bai fito ba. Wata farar mota ce daga ƙarshe ta tsaya ta ba shi hanya. Maman Khalifa, tawa sabuwar ma ba rumfa, gobe da lema zan fita.