Neman kalmar Hausa: me za mu kira "staffing" a aikin kwana-kwana?

Lawal, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Ina shirya rubutu kan raunukan da 'yan kwana-kwana ke samu a bakin aiki, kuma ina neman Hausar kalmar "staffing", domin fassarar da aka saba ji, wato "ɗaukar ma'aikata", ba ta kai inda ake nufi ba. Sau ɗaya ake ɗaukar mutum aiki, alhali abin da ake magana a kai shi ne mutum nawa suka hau mota lokacin da aka kira su, nawa ne gogaggu a cikinsu, kuma awa nawa suka yi ba su runtsa ba.

Hajiya Binta, Daura: Wa'alaikumus salam, Malam Lawal. Me zai hana a ce "yawan ma'aikata"? Kowa zai gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Lawal: Hajiya, kowa zai gane, amma hankalinsa zai tafi ga takardar albashi. Hukuma na iya tara sunaye masu yawa a rajista, mota kuma ta fita da direba da mutum biyu, kuma a nan raunin yake aukuwa. Idan mutum biyu suka ja tiyo cike da ruwa ko suka ɗaga tsanin da ya kamata huɗu su ɗauka, targaɗe da ciwon baya ne ke biyo baya, waɗanda a ƙididdigar Amurka suna sahun gaba cikin raunukan wannan aiki, kamar yadda bugun zuciya ke sahun gaba wajen kashe su a bakin aiki. Shi ya sa ƙungiyar NFPA ta can, mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, a ƙa'idarta mai lamba 1710 ta shekarar 2001, ta nemi kada motar kashe gobara ta gaza mutum huɗu. Tun 1998 ma dokar Amurka ta kare ma'aikata ta ce idan biyu za su kutsa cikin ginin da ke ci da wuta, dole wasu biyu su tsaya waje cikin shirin ceto su. Gwajin da NIST, cibiyar ma'aunai da fasaha ta gwamnatin Amurka, ta yi a 2010 kuma ya nuna huɗu sun fi biyu saurin kammala aiki da kashi 30 cikin 100. Sauri aka auna a can, amma a ganina duk mintin da aka rage a cikin hayaƙi sauƙi ne ga jiki.

Malam Mamman, Ƙofar Guga: Malam, ina ganin abu biyu kake son cusawa cikin kalma ɗaya. Babban tsarin, wanda ya haɗa adadi da ƙwarewa da canjin aiki, mu kira shi "tanadin ma'aikata". Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san irin wannan wuta tana buƙatar waɗanda za su karɓi waɗanda suka gaji, tanadi kuwa shi ne shirya abu kafin buƙatarsa ta zo. Mafi ƙarancin adadin da mota ba za ta tashi ba sai da shi kuwa, mu ce "cikar ayari", domin madugu ba ya ɗaga tafiya sai mutanensa sun cika.

Hajiya Binta: Na karɓi "cikar ayari", har ana iya cewa "motar ta fita ayari bai cika ba". Sai dai "tanadi" yana jan hankali zuwa ga kuɗi.

Malam Mamman: Gaskiya ne, Hajiya, amma idan ya zo manne da "ma'aikata" ba mai zaton asusu ake nufi.

Lawal: Na gode muku. Zan rubuta "tanadin ma'aikata" da "cikar ayari", in bar "ɗaukar ma'aikata" ga shigar sababbi aiki. Saura "shift": mu tsaya ga "canjin aiki", ko akwai wanda ya san abin da 'yan kwana-kwanan Daura ke cewa?