Shawarwari Kan Rubuta Labarin Yaro Mai Baiwa da Ba a Kula da Shi

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a rubuta labarin yaro mai baiwa da ba a kula da shi, shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce marubuci ya nuna rashin kulawar a aikace. Yarinyar da ke karanta guntun jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki, saboda babu wanda ya taɓa saya mata littafi, ta fi taɓa zuciya a kan dogon bayanin wahala.

An kuma ja kunnen marubuta kada su bari wani babba ya warware matsalar gaba ɗaya. Malama tana iya buɗe ƙofa, kamar yadda malamar Matilda, yarinya mai baiwa da iyayenta suka yi sakaci da ita, ta yi a littafin marubuci Roald Dahl na 1988, amma dabarar samun mafita ta fito daga yaron kansa, kuma a ganina wannan ce shawara mafi nauyi.

Wasu sun koka da yadda tatsuniyoyinmu suka saba ɗora wa kishiyar uwa dukan laifi, alhali talauci da yawan hidima ma kan jawo sakacin iyaye ba tare da mugunta ba. Sun nemi a bar wa yaron ajizancinsa, ya yi fushi, ya yi kuskure, domin ƙaramin mai karatu ya ga kansa a cikinsa.