Idan gwamnati ta fara biyan tsofaffi, zumunci zai ragu?

Ɗan Tsohuwa:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, ina so masu sanin abin su warware mini ita. Ina cikin masu kiran gwamnatoci da su riƙa bai wa tsofaffi wani abu duk wata, ko sun taɓa aikin albashi ko ba su taɓa ba. Sai dai wani dattijo ya ce mini ranar da gwamnati ta fara biyan tsoho, ranar ce 'ya'yansa da maƙwabtansa za su fara janye hannu, domin kowa zai ce ai yana da mai ba shi. Shin an taɓa gwadawa a wani wuri aka ga haka, ko kuwa tsoro ne kawai?

Tsohon Akanta:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a amsa, ya kamata a raba fansho gida biyu. Akwai wanda ake yanka daga albashin ma'aikaci a tara masa, irin wanda Jamus ta kafa a 1889 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck ga wanda ya kai shekara 70, Amurka ma ta yi nata a 1935. Irin wannan ba ya kaiwa ga mafi yawan ƙananan manoma, balle matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen renon yara. Na biyun shi ne wanda ake biya daga haraji saboda shekaru kawai: Botswana ta fara shi a 1996 ga masu shekara 65, Lesotho a 2004 ga masu shekara 70, Zanzibar kuma a 2016.

Inda aka fi bin diddigin abin shi ne Afirka ta Kudu, wadda take biyan wanda ya kai shekara 60 matuƙar abin hannunsa bai wuce wani ƙima ba. A can an tabbatar cewa kuɗin da 'ya'ya suke turo wa iyaye ya ɗan ragu, don haka dattijon nan bai yi maganar banza ba. Amma ragin bai kai abin da tsohon ya samu ba, kuma kuɗin bai tsaya a aljihunsa ba. Binciken da masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta wallafa a 2003 ya nuna cewa a gidajen da kaka mace ce take karɓa, jikokinta mata sun fi samun nauyi da tsayi. A ganina, tsohuwar da take iya sayen maganinta, ta kuma miƙa wa jika kuɗin littafi, ta daina zama kaya a kan mutanen gida, ta koma mai faɗa a ji.

Mai Jinya:
Malam Akanta ya yi bayanin kuɗi, ni kuwa abin da na gani a wajen aiki daban ne. Na sha jinyar tsofaffin da ba su rasa abinci ko magani ba, amma sai su yini babu wanda ya ce musu sannu, kuma irin waɗannan su suka fi saurin lalacewa. Ƙasashen da suka daɗe suna biyan fansho sun gano haka a makare, har Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ma ta bi sahu a 2021.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne inshorar kula da tsofaffi da Japan ta fara a shekarar 2000, wadda kowa yake fara zuba mata kuɗi daga shekara 40. Abin da tsoho yake samu a ciki hidima ce: mai zuwa gida ya taimaka masa da wanka, ko cibiyar da zai yini cikin tsararsa, ya dawo da yamma. Wannan yana ba 'yar da take jinyar mahaifiyarta damar hutawa, kuma sau da yawa gajiya ce take sa mai jinya ya janye, ba rashin tausayi ba.

Ɗan Tsohuwa:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar gajiyar nan ta taɓa ni, domin ƙanwata ce take kwana da mahaifiyarmu shekara uku ke nan, mu kuwa turo kuɗi kawai muke yi. Sauran tambayata ga Malam Akanta: tsohon da ba shi da takardar haihuwa, yaya waɗancan ƙasashe suke tabbatar da cewa ya cika shekarun?