Ludo: Iyawa Ce Ko Sa'a?

Da musu ya yi zafi kan wanda ya fi iya ludo, shawarar da ta rinjaya ita ce a sami littafi a riƙa rubuta sakamakon kowane wasa. Ɗan Adam yakan tuna cin da ya yi, ya manta kayen da ya sha.

In 'yan wasa huɗu ne, sa'a kaɗai za ta ba kowa kimanin ci 25 cikin wasa 100, galibi tsakanin 16 da 34. Don haka mai ci 30 ya rage cika baki. Mai 45 kam, a sara masa. Wasa goma bai isa shaida ba.

Wasu sun ƙara da cewa a riƙa sauya mai fara jefawa. Dara kuwa, da yake babu jifan sa'a irin na ludo a cikinta, gwani ya fi saurin bayyana.